Benci na Huɗu

Ran Talata, bayan an gama dashe,
muka cika rumfar asibitin Auyo,
mu goma sha tara, kowa dafe da ƙugu,
bakinmu ɗaya: ciwon baya.

Shekara shida ina zuwa nan.
Katina ya yi laushi kamar tsumma.
A ba ka ƙwaya ja, a ba ka fara,
man zafi a kwalba, Allah ya sawwaƙe.
Tsoho da yaro, mudun awon ɗaya.

Ranar baƙuwa muka tarar daga Dutse,
Malama Safara'u, likitar gashin ƙashi.
Na leƙa jakarta, babu allura.
Ta shimfiɗa tabarma, ta ja benci huɗu,
ta zauna ta fara tambaya.

Yaushe yake tashi, asuba ko la'asar?
In ka yi ruku'u fa? In ka ɗago?
A ƙugu yake tsayawa, ko yana gangarawa?
Ban taɓa jin an tambayi ciwo
inda ya kwana ba a duniya.

Barmo ɗan acaɓa, zama ke cin sa.
Ta sa shi rub-da-ciki, ya ɗaga ƙirji sau goma,
ya yi shiru, ya shafa cinyarsa:
"Ya bar ƙafa, ya koma tsakiya."

Benci na fari ke nan.
Tsoho Ilu kuwa tsayuwa ke kashe shi,
sai ya duƙa kan sanda yake samun sa'ida,
kafin ya kai kasuwa ya zauna sau bakwai a hanya.

Tasalla, haihuwa tara, ga turmi, ga tulu,
bayanta na rawa kamar ƙyauren da ƙusa ta saki.
Ɗamara aka ce za a koya mata,
ba ta zane ba, ta tsoka da jijiya.

Ɗan'azumi bai sami benci ba.
Zazzaɓin dare, gumi, wando ya yi masa yawa.
Ta rage murya, ta rubuta takarda:
gobe-goben nan Haɗeja, a ɗauki hoto.
Rumfa ta yi tsit, ba mai dariya.

Sai ni.
Ta danna, ta ɗaga ƙafata, ta juya ni,
ta ajiye biro ta dube ni.
"Mati, yaushe rabonka da duƙawa?"
Na ce tun ranar da buhu ya kā da yayana Sabo,
ya kwanta damina biyu, muka kai shi makwanci.
Tun daga nan ko carbi ya faɗi
sai na ƙwala wa yarinya.

Na sayar da rabin fadama. Salla a kujera.
Ta ce, "Ciwonka na nan, ban ƙaryata ka ba,
amma tsoro ne ke yi masa gadi, yana kai masa tuwo."
Benci na huɗu, ni da Kande mai ƙosai.
Na zauna ina jin kunya.

Allura mai tsada na zo nema,
aka ba ni tafiya: daga zaure zuwa bakin ruwa,
kullum a ƙara taku ashirin,
in dawo in ɗauki ƙwarya daga ƙasa,
kuma ba komai a ƙwarya.

Raina a ɓace na kama hanyar gida.
Wajen fangalin Barau na tsaya.
Ni da ke faɗa da yara kan iri,
na tudu daban, na fadama daban,
ni ne ke so a watsa mu a kwari ɗaya?

Sati bakwai ke nan.
Barmo ya koma kan babur, yana sauka ya miƙe.
Ɗan'azumi na kan magani mai dogon zango.
Nawa ciwon bai tafi ba,
yana nan kamar maƙwabci mai yawan magana,
na dai daina tashi tsaye in ya yi sallama.

Jiya da magariba na ture kujera,
na kai goshi ƙasa.
Na daɗe ban ɗago ba, har jikata ta taɓa ni.
Na ce, "Bar ni, Ladidi,
ƙamshin kabar tabarma nake ji. Lafiya."