Roja na Bakin Tasha

A Malam Madori, bayan tsohuwar tashar jirgi,
akwai dalbejiyar da kakana ke facin taya a ƙarƙashinta.
Isiyaku aka raɗa masa ranar suna,
amma je ka nemi Isiyaku, ka wuni kana yawo.
Roja ake cewa.

Sau ɗaya na tambaye shi,
yana lalubar huji a cikin kwanon ruwa.
Ya ce, "Wani Bature ne mai awon gyaɗa,
kunnensa ja kamar an murɗe.
Ni ke ɗora masa buhu a sikeli,
leburori suka liƙa mini sunansa don tsiya.
Shi ya koma garinsu,
sunan bai samu wurin zama a jirgi ba."

Da na je kwaleji a Gumel
na buɗe wani kundi da gara ta fara ci.
Ashe sunan ya girmi Baturen,
ya girmi dogo, ya girmi dalar gyaɗa.
Gaɓa biyu ne a bakin tsofaffin Jamusawa:
ɗaya shuhura, ɗaya mashi.
Normawa, jikokin masu jiragen ruwa
da suka yada zango a gaɓar Faransa,
suka goya shi, suka haye teku da dawakai,
suka ci Ingila da shi a bakinsu.
Sarakuna sun amsa shi.
Daga baya ya sauko wurin makiyaya da masu jima,
ya yi ta yawo hannu zuwa hannu
har ya goge kamar tsohon kwabo.

Na dawo hutu ina rawar jiki, na faɗa masa.
"Mashi?" in ji shi.
Ya zaro sifok daga wilin da ya lanƙwashe,
ya ɗaga shi sama. "To, ga shi.
Shuhura kuwa, tambayi mai keke
daga nan har Garun Gabas."

Ranar jana'izarsa liman ya ce Isiyaku,
sahun baya suka dubi juna.

Bara Yaya Rakiya ta haihu, namiji,
aka mayar masa da sunan tsoho.
Kunya ta hana uwarmu kama sunan mahaifinta.
Jiya na ji ta daga madafa,
hayaƙi a ido, muciya a hannu:
"Ku ɗauke mini Roja daga bakin murhu!"