Dangwalen Nomau

Kwana uku ina zarya a meri,
sai ran Laraba Mushe Ilyasu ya samo makulli.
Ɗakin takardu na bayan garejin motar shara,
ƙofar ta kumbura, da kafaɗa muka buɗe ta.
Warin jemage, warin tsohon buhu.
Ya ce, "In gara ta riga ki, babu ruwana."

Da suna guda na zo, da rabin labari.
Kakata Tasalla takan ce
Nasara sun ɗauki mijinta a Tibiri ran kasuwa,
shekara shida ko wasiƙa.
Ya komo da tari, da kwanon sha, da lambar tagulla,
kwamanda ya yanka masa gona a bakin gulbi,
daga baya aka cuce shi.
Wa ya cuce shi, Kaka?
Sai ta gyara ɗaurin zane,
ta ce tuwo na kamawa.

Rajista ta huɗu, bangonta ya saɓule.
Sun rubuta Nomao, mu Nomau muke kira.
An haife shi "wajen" shekara kaza,
wajen, kamar mai kwatancen rijiya a daji.
Tsawo: mita ɗaya da saba'in da huɗu.
Alama: tsaga shida a kunci guda, bakwai a ɗayan.
Sun auna shi sarai, sun ƙirga haƙora,
sunan uwarsa dai ba wanda ya tambaya.

Iyakar gona: gabas, kanya.
Yamma, Ɗanjimo mai taba.
Kudu, gulbi, in da yake a lokacin.
Arewa kuwa gara ta cinye,
ta haɗa da yawan hekta, ta bar huda
wadda ƙwayar gero za ta wuce.

Na ɗaga waya zan ɗauki hoto,
Mushe ya lashi yatsa, ya ce, "Dakata, akwai baya."
Wata tawada, wani hannu, damina biyu tsakani.
Yana karantawa, yana mayar mini da Hausa:
mai gona ya zo da ƙafarsa,
ba bashi, ba tilas, hankalinsa ɗaya,
ya bar ta ga Yabi, matar Arzika,
sojan da suka shiga jirgin ruwa tare
bai sauko ba,
ita da marayu uku.
Kuɗin saye: babu.
Ƙarƙashi, babban yatsa, shuɗi,
ya danna har ya fito ta wancan shafi.

Ashe ɓarawon da muka shekara sittin muna tsine wa
da shi muka ci tuwo a akushi ɗaya.

Da la'asar na gangara fadama.
Kanya ta daɗe da zama turmi,
gulbi ya ja jiki, ya sake makwanci.
Injin ban-ruwa na tari irin na tsoho.
Wani dattijo na tsinkar zogale, na yi sallama,
na ce ko nan ce gonar Arzika.
Ya ce, "Arzika ubana ne, ban san fuskarsa ba.
Amma nan gonar Soja muke ce mata,
ban kuwa san dalili ba."

Hoton na cikin jakata.
Na taɓa shi, na fasa.
Ya cika mini leda da tumatir, ya ƙi karɓar ko dala,
wai baƙo ba ya fita gonar nan hannu wofi,
haka uwarsa ta bar wasiyya.

Yanzu ina Bagalam, bakin ƙofar Baba,
leda a hagu, waya a dama.
Yana ciki yana jan carbi,
shi da ya tashi yana ƙwadago a gonakin mutane.
Ban san da wanne zan fara miƙa masa ba.
Na dai dangwala yatsana a kan gilashi,
nawa bai rufe na Nomau ba.