Bahago a Cikin Kwalba

Asubar Litinin a Campinas, motocin haya ba su farka ba,
na biya gidan burodin babana, Valdomiro.
Ya yanko min yisti kamar sandar sabulu,
ya naɗe a takarda, ya miƙo da hagu, kamar kullum.
"Dalva, wannan karon ma ba burodi ba ne?"
Na ce a'a. Ya girgiza kai, gari ya zubo daga girarsa.

A ɗakin gwaji na haɗa ruwan ɗumi,
ɗumin da ba zai sa jariri kuka ba,
da sukarin raken da ake sara a bayan gari.
Kwalba ta soma gunaguni, kumfa ya taso.
Sai na zuba kiton, ɗigo bayan ɗigo,
mai ƙamshin 'ya'yan itacen da suka kusa wuce nuna.

Kiton a tsakiyarsa shimfiɗe yake kamar faranti,
ana zo masa ta sama, ana zo masa ta ƙasa.
Farar hodar da ke kan kanta ba ta zaɓe,
jifa take da haidurojin kamar yaro a gindin mangwaro,
sai ta haifo tagwaye, rabi da rabi:
nauyinsu ɗaya, wuta ɗaya ke tafasa su,
wannan hoton wancan ne a madubi.
Amma kama da wane ba ta wane.
Sa takalmin dama a ƙafar hagu ka tafi kasuwa,
in ka dawo ka ba ni labari.
Jikin mutum ma yana tantancewa:
ɗaya ya shiga ya zama magani,
ɗan'uwansa ya tsaya a ƙofa, ko ya yi ɓarna.

Yisti bai taɓa zama a aji ba.
Aljihu gare shi mai ƙunci,
kiton ba ya shiga sai ya kwanta ta gefe guda,
fuska ɗaya a buɗe, ɗaya a jikin bango.
Iyakar sirrin ke nan.
Shi cikinsa yake nema, ba ya san da ni ba.

Kwana uku ɗakin yana warin mashaya.
Jurandir ya kwashe littattafansa ya koma baranda.
Ran Alhamis na tace, taɓon ya toshe matata,
na sake, ya sake toshewa,
na zagi kwalba, na ba ta haƙuri.
Na zuba gishiri, na girgiza, na jira ruwa biyu su rabu,
suka yi ta jan ƙafa kamar masu bankwana a tasha.
Daga lita biyu na kunun toka
abin da ya rage bai cika cokali biyu ba.

Na sa shi a hanyar haske.
Haske ya shiga a miƙe, ya fito a karkace.
Ba tsantsa ba ne: cikin ɗari, bakwai sun ɓata hanya.
Yisti ma yakan yi tuntuɓe.
Abin dariya, a littafi sunansa na hagu,
amma dama yake murɗa hasken.

Babana yana ɗan shekara shida
malama ta ɗaure masa hannun hagu a jikin kujera.
Har yau da dama yake sa hannu a takarda,
rubutun kamar sawun kaza,
da hagu yake kwaɓa ƙullun da unguwa ke layi a kai.

Da yamma na kai masa 'yar kwalbar.
Ya ɗaga ta saitin fitila, ya shinshina.
"Ana ci?" Na ce a'a.
"To mene ne?"
Na ce, "Bahago ne, Baba. Da gangan aka yi shi."
Ya daɗe yana kallonta.
Sannan ya ajiye ta kusa da sikeli,
ya koma kan ƙullun gobe.