Ƙidaya a Gaɓar Bridlington

Na tashi daga aikin dare, ƙafafu a kumbure,
amma ban nufi gida ba.
Da ƙarfe bakwai teku ke janye zanenta,
ta bar laka a fili,
jiragen masu kamun ƙaguwa su kishingiɗa
kamar shanun da suka ƙoshi.

Winifred na kan bencinta,
da littafi mai koren bango, da shayin da ya huce.
Shekara talatin da tara tana ƙirga tsuntsayen nan.
Bana yana ta rufe idon hagu,
na dama ma ya fara cin amana.
Ta miƙo mini madubin hangen nesa:
"Tanimu, ara mini idonka."

Ita ta san sunayensu da harshenta.
Ni kuwa na raɗa musu nawa, ba rago, ba liman.
Mai dogon jan bakin can, Ci-goro.
Ƙananan da ke kifar da kowace tsakuwa
su leƙa ƙarƙashinta, 'Yan Kwastan.
Farin ƙaton nan mai idon ɗan bin bashi,
wanda ya fizge mini soyayyen kifi ranar Talata,
Hankaka-ya-yi-wanka.

"Ci-goro nawa?"
Sha bakwai.
Alƙalami ya tsaya.
"Bara ashirin da shida ne."
Iska ta buɗe shafi, ta sa yatsa ta danne.

Can bakin laka wani siriri, shi kaɗai,
da zobe a ƙafa.
Ta ce baƙo ne, yada zango ya yi,
kudu ya nufa, sai ya tsallake hamada,
wa ya sani, ko har fadamar garinku.

Sai ga ni a gonar shinkafa a Nguru,
ɗan shekara tara, da gwangwani da tsakuwa,
ina kora, ina jifa da hoge,
maƙogwaro ya dushe.
Ban taɓa tambayar inda suka fito ba.
Ashe duk muna da wani wajen kwana.

Ruwa ya fara dawowa, a hankali,
yana lashe sawunsu.
Yatsuna sun daskare, motar gida ta wuce ni.
Winifred ta karkato da kunne:
"Mai jan bakin nan,
yaya ake rubuta sunan da ka ba shi?"
Na faɗa mata baƙi bayan baƙi.
Ta rubuta a gefen shafi, a karkace,
kusa da sha bakwai.