Igiyar Kwando

Babana ya gina gidanmu a dare ɗaya,
shi da ƙannensa uku da suka biyo shi daga Sivas.
Kafin asuba sun ɗora rufi,
uwata ta hura wuta siminti bai ko bushe ba.
Haka muka zama mutanen Istanbul,
a kan tudun da ba wanda yake so.

Shekara arba'in ina zura kwando ta taga
daga benen da muka ƙara da kuɗin ɗinki.
Igiyar gaba huɗu ce, da ƙulli biyu.
Nusret mai kanti ya san abin da zai saka:
burodi, zaitun, ɗan cuku.
Ran da kwandon ya sauka wayam
sai ya jawo littafin bashi,
bai taɓa ɗaga kai ya dubi tagata ba.

Sai ga yaran kamfani, takalma suna sheƙi,
suna auna lungunmu da jan haske.
Suka ce girgizar ƙasa tana tafe.
Ba ƙarya suka yi ba,
yatsana yana shiga tsagar bangon kicin.
Suka shimfiɗa hoto kusa da kofunan shayi:
hawa talatin, tafkin wanka,
mata dogaye suna jan ƙananan karnuka.
Na sa tabarau, na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya,
ban ga mai kama da ni ba.

Hidayet, wadda muka raba tukunya da ita
shekarar da aka sallami mazanmu,
ta daina amsa gaisuwata,
wai taurin kaina ya tsare wa 'ya'yanta arziki.
Wata bakwai na riƙe hannuna.
Ran da na saki, biron nasu ne,
suka ce in riƙe, kyauta.

Motar rusau da ɓaure ta fara.
Ta tumɓuke shi da 'ya'yansa ɗanye,
sannan ta juyo kan ɗakin da na haihu sau uku.
Daga titi na hango shuɗin fentin bangona
kowa yana kallo,
kamar an yaye mini mayafi a kasuwa.

Kamfanin ya karye.
Shekara biyar rami ne a wurin,
ruwan sama ya taru, kwaɗi suka tare kafin mu.
Nakan hau bas biyu daga gidan haya
in leƙa ta ɓular kwano
in gaida rabona.
Hidayet ta sayar da nata a wulaƙance,
ta rasu a Gebze, sai bayan sati na ji.

Yau ga ni a hawa na ashirin da uku.
Sunan ginin ba ya zama a harshena.
Ƙofa ba ta san fuska ba, sai kati.
An hana shanya a baranda,
an hana kiran mutum daga sama.
Jikan Nusret ne ke kawo burodi a babur,
hular kwano a kansa, waya a hannu,
ba ya ba da bashi, ba shi da littafi.
Ana ganin teku, gaskiya ne,
in na miƙe a kan yatsu.

Daren jiya barci ya ƙi.
Na zazzage albasar da ke cikin kwandon,
na zura shi ta baranda
har igiya ta ƙare a tafina.
Yana ta lilo can tsakanin tagogin baƙi.
Na yi wa kaina dariya, tsohuwar banza.

Da na ja, sai na ji ɗan nauyi.
Lemo ne guda, an gatsa gefe da ƙananan haƙora,
da takarda mai rubutun da ban iya karantawa ba.

Na cinye lemon a tsaye.
Yau da yamma zan gasa burodi.