Hasan da Husaini

Ja ce, ƙofa biyu, daga Kwatano ta zo.
Wani ya ɗaure turbonta biyu
su riƙa busa tare kamar masu gardama:
a ƙasa ba numfashi,
a sama sai hauka.

Kwana uku Mutari na ƙarƙashinta a Garin Malam,
yana bin siraran tiyo ɗaya-ɗaya.
Ya kwance wayar da ta shaƙe bawul,
ya goge baƙin mai a wando.

"Hasan ke fara sallama.
Husaini sai allura ta haura dubu huɗu."

Da la'asar, hanyar Mirriya,
na fari ya yi fito siriri,
ya ja, ya ja,
sai ɗan'uwan ya amsa.
Kujera ta dafe mana baya.

Mutari bai dubi allura ba.
Kunne ya karkata.