Dala Goma

Tun rana ba ta gasa kwanon rumfuna ba
ina cikin kasuwa da kundin tikiti,
in yaga, in miƙa: dala goma.

Tsahara mai tattasai ta ɗaure fuska,
ta kwance bakin zane kamar mai cire haƙori.
"Ku dai ci," in ji ta. "Meri ba ta ƙoshi."
Ban tanka ba.
Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Da la'asar Cindo ya ƙidaya a buro,
ya lashi yatsa, ya sake ƙidayawa.
A zauren shawara kansiloli na ja-in-ja:
wannan aji biyu yake so a Mokoyo,
wancan famfo,
Jadi ya bugi tebur ya ce Bagalam,
inda ruwan Agusta ke shiga ɗaki ba sallama,
ya kwashi tabarmi da tukwane ya nufi Gulbi.

Damina uku takarda na yawo.
Sabi'u ya auna, ruwa ya tafi da turakunsa,
ya dawo ya sake kafawa.
Siminti ya hau. Aka gina rabin lambatu,
rabin na kwance cikin kaye.

Shekaranjiya aka kwana ana ruwa.
Gidan Tsahara na gefen da aka gina.
Da safe ta miƙo kuɗi tun ban tsaya ba,
idonta na kan tattasai:
"Ƙanwata na can gangare, inda kuka tsaya.
Yaga biyu."